Abin da aikin tafinta ya koya mini game da Allah

A Garwa na tashi, a arewacin Kamaru, a gidan da ba a kwanciya sai an yi addu'a. Mahaifina dattijon ikilisiya ne, mutum mai tsari. Ranar da albashi ya fito, kafin a auno ko kwanon gero, sai ya ware ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na Allah, ya sa a ambulan, ya soke shi cikin Littafi Mai Tsarki har Lahadi. Bai taɓa cewa kariya yake saye ba. Ni ne da hankalin yaro na haɗa lissafin: muna ba Allah nasa, shi ya sa iska ba ta taɓa yaye mana rufi ba, shi ya sa ba a taɓa fitar da gawa daga gidanmu ba. In na ji wani ya shiga masifa, can ƙasan zuciyata sai in ce ruwa ba ya tsami banza. Da wannan fahimtar aka yi mini baftisma, da ita kuma na hau motar Mokolo a 2015, lokacin da na samu aikin tafinta a wani ɗakin shan magani a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, kusa da garin.

An buɗe sansanin ne a 2013 domin 'yan Najeriya da Boko Haram ta koro. Bayan da Gwoza ta faɗa hannunsu a watan Agustan 2014, mutane suka yi ta kwararowa ta duwatsun Mandara, wasu ko takalmi babu. Kowa da harshensa na gida, Glavda ko Mafa ko Kanuri, amma Hausa ce ta haɗa yawancinsu. Likitocin kuwa Faransanci suke ji. Ni nake zama tsakani a kan wani ɗan benci.

Ranar farko shugabarmu ta ba ni doka guda: kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka gyara. Abin da mara lafiya ya faɗa shi za ka mayar, ko da zagi ne, domin a cikin kalmominsa likita yake laluben cutar. In mace ta ce cikinta na ci da wuta, kai kuma ka ce yana ɗan damunta, ka ɓatar da mai magani.

Na kiyaye dokar nan har ranar da wata tsohuwa ta shigo goye da jikanta. Aka zagaya masa ɗan tef ɗin awo a damtse, ya tsaya a kan ja, ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani. Likita ta tambayi inda uwar yaron take. Tsohuwar ta kwance zani ta sake ɗaurawa, sannan ta fara. Mijinta mai bishara ne, shekara talatin yana yawon ƙauyuka a kan keke. A ƙofar majami'a aka kashe shi. Ɗanta ma a ranar aka kashe shi, surukarta kuma aka tafi da ita. Sai ta ɗago ta dube ni ta ce, “Ka gaya wa likita, duk rayuwarmu Allah muka bauta wa. Ran da suka zo, ina yake? Barci yake yi?”

Bakina ya yi nauyi. Na juya na ce wa likita tana cikin baƙin ciki, ta kuma gaji.

“Ɗana,” in ji ta, “maganata ta fi haka tsawo.”

Ba ta jin Faransanci, amma ta san an yanke mata zance. Dole na mayar da shi duka, har da barcin, ina ji kamar ni ne nake saɓo. Da muka fito karɓar abincin gyaɗan nan na leda da ake ba yara masu tamowa, na so in gyara abin da nake gani ta ɓata. Na ce, “Mama, ki yi haƙuri, Allah yana da dalilinsa.” Ta ce, “Ka bar shi ya amsa da kansa, ɗana. Ba shi da baki ne?”

Daren nan ban runtsa ba. Na kunna tocila na buɗe littafin Ayuba, wanda na sha karantawa ina tsallake tsakiyarsa don in kai inda aka mayar masa da dukiya ninki biyu. Wannan karon tsakiyar ce ta riƙe ni. Abokansa Elifaz da Bildad da Zofar sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai babu wanda ya ce uffan, kuma nan ne kaɗai suka yi daidai. Da suka buɗe baki, lissafina na yarinta ne ya fito tsaf: mai gaskiya ba ya hallaka, in ka sha wuya to ka bincika kanka. Ayuba kuwa ya yi ta kai ƙarar Allah wurin Allah. A sura ta 42, abokan da suka tsaya kare Allah su Ubangiji ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya faɗa. Na karanta wurin ya fi sau biyar.

Kwana biyu bayan haka na ci karo da Zabura ta 44. Masu waƙar suna cewa ba su manta da Allah ba, ba su karya alkawarinsa ba, duk da haka ana yanka su kamar tumaki, sannan suka ce masa ya farka, don me yake barci. Tambayar da na ji kunyar fassarawa ashe tana cikin littafin da mahaifina yake ajiye ushiri. Manzo Bulus ma ya ɗauko ayar tumakin ya sa a Romawa sura 8, daidai inda yake cewa babu abin da zai raba mu da ƙaunar Almasihu. Bai ce takobi ba zai zo ba. Ya jera shi tare da yunwa da tsiraici, ya ce ko su ba za su raba mu ba. Yesu da kansa, da ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba.

Layin ɗakin maganin ya rushe mini wani tunanin kuma. Na zo da zaton wahalar ta Kirista ce kaɗai. Sai ga Musulmi a layi ɗaya, da irin rashin, da irin tabon. Wani dattijo mai carbi ya kawo yarinya yana ce mata 'yata, daga baya na ji 'yar maƙwabcinsa Kirista ce da ya goyo ya haura dutse da ita. A lokacin ne kuma na fara sauraron labarin Baba Simon, fadan Katolika ɗan kudancin Kamaru da ya zo Tokombere, a arewacin ƙasar, a 1959, yana yawo ba takalmi cikin mutanen duwatsu, yana girmama sanin Allah da ya tarar a wurinsu. A gidanmu ba a cika zancen Katolika ba, na yi asarar shekaru ban san shi ba.

Yanzu in na koma Garwa na ji lasifika da dare ana cewa ka shuka iri ka girbe mu'ujiza, raina yana ɓaci. Ba na raina masu zuwa, talauci da ciwo ne suke kai su. Amma wa'azin da ya ce bangaskiya tana hana masifa, shi ne yake komawa ya ce wa gwauruwa tata bangaskiyar ce ta gaza. Har yau ina fitar da ushiri, na daina dai ƙirga abin da nake bin Allah. Addu'ata ma ta canja. Dā nakan tace ta kamar yadda na tace maganar tsohuwar nan. Yanzu in fushi nake ji, fushin nake kai masa.

Bayan mako shida da zuwanta na farko, tsohuwar ta dawo awo. Tef ya tsaya a kan rawaya, wato yaron ya fara samun sauƙi. Yara biyu da aka kwantar tare da jikanta ba su tashi ba, uwayensu ma masu addu'a ne. Tana sanye da zanen zumuntar mata, za ta wuce koyon waƙa. Na roƙe ta ta ɗan zauna, na fito da Littafi daga jaka na karanta mata Zabura ta 44 tun daga farko har ƙarshe. Ta yi shiru tana jijjiga yaron a cinya.

“Wannan a ciki yake?”

Na ce, “A ciki yake, Mama.”

Ta matso kusa. “Sake karanta mini wurin barcin nan.”