Daren da na yi wa Shaihu Umar karatun gaggawa

Har yanzu in na ɗaga ido na hango Shaihu Umar a kan kanta, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Wata guda na yi ina karatu ba dare ba rana, na gama littattafai 7, wasu sun shiga raina sosai, amma daren da na zauna da wannan ɗan siririn littafi shi ya fi tsaya mini.

A farkon watan na ɗaura niyyar karanta littattafai 12 cikin kwana 30. Na samu takarda na jera sunayensu, na ja layi a gefe inda zan riƙa sa alama duk wanda na kammala. A sama na sa biyar ɗin nan da ake ambata tare duk lokacin da aka tuna gasar 1933, wadda Rupert East ya jagoranta daga Zariya: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Idon Matambayi, Jiki Magayi da Shaihu Umar. Uku daga cikinsu ban taɓa buɗewa ba, sai dai in ji ana zancensu in gyaɗa kai.

Makon farko lafiya lau. Ruwan Bagaja tsohon aboki ne, Malam Zurƙe ɗan Muhamman bai fasa ba ni dariya ba. Sai hidimomi suka taso, kafin in ankara ga rana ta 9 kuma littafi biyu kacal ke da alama. Takardar nan ta fara damuna. Na duba jerin ina neman wanda ba shi da kauri, wanda zan gama a zama ɗaya in cike giɓi. Hannuna ya faɗa kan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Dalilin da ya sa na ɗauke shi a daren ke nan: ƙarancin shafuka. Ba wani abu ba.

Na fara da saurina. Malami na ba almajiransa tarihin asalinsa, ga Makau mijin uwarsa da fadawa suka ƙulla wa sharri har aka kore shi, ga yaro an sace, ga kura ta cinye wanda ya sace shi. Duk ina biye. Da labari ya karkata ga uwar, wadda ta fita neman ɗanta, sai na ɗauka an yi ratse ne. Idona ya soma tsallake layi. Daga nan na yi abin da har gobe yake ci mini rai: na juya can ƙarshe na leƙa, don in san ko sun haɗu. Na ga sun haɗu, na ga ba ta daɗe ba bayan haka. Na koma tsakiya na ƙarasa a gurguje, na sa alama a takarda, na kwanta da murnar na rage bashi.

Bayan kwana biyu ƙanwata ta ga littafin a gefen gado. Ta ce, "Yaya, ka kai inda ta gan shi? Ni fa da na zo wurin sai da na ajiye littafin, na kasa ci gaba." Na ce na kai. Ta tambaye ni yadda na ji da aka yaudare ta a Kano aka sayar da ita, alhali ita 'ya ce ba baiwa ba. Na yi shiru. Na san an sayar da ita, kamar yadda mutum zai san labarin da ya tsinta a bakin hanya, amma ban bi ta ba. Ban ƙetare hamada da ita zuwa Murzuk ba, ban zauna da ita cikin wahala a Tarabulus ba. Hawayen da ƙanwata ta yi, ni na tsallake su a cikin minti biyar.

Na sake ɗaukar littafin, wannan karon na yi kwana huɗu a kansa. A nan na gane cewa muryar Shaihu Umar mai sanyi ce, ba ya ɗaga ta ko a wurin da abin ya kai a yi kururuwa. Bauta, rabuwa da uwa, tafiyarsa da Abdulkarim zuwa ƙasar Larabawa, guguwar yashi da ta halaka ayari a hanyar dawowa, duk a natse yake faɗinsu, kamar wanda ya daɗe da miƙa wa Allah lamarinsa. Mai gudu ba zai ji nauyin irin wannan magana ba, zai zaci ba abin da ke faruwa. Karatu na biyu ya nuna mini darajar littafin, amma bai mayar mini da abin da na zubar ba. Duk wahalar da uwar ke sha, ni na riga na san inda za ta ƙare. Fargabar nan ta "ko za ta gan shi kafin ta mutu" sau ɗaya ake jin ta, ni kuwa na sayar da tawa a kan alamar biro.

Ranar na yage takardar.

Sauran watan ya zo da sauƙi. Na koma littafi na farko na Magana Jari Ce, ina karanta labari ɗaya kowane dare, yadda akun nan ke riƙe Musa da zance don kada ya fita. Ashe haka Abubakar Imam ya gina shi, a sha kaɗan-kaɗan. Sai Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, shi ne na fi so a cikin waɗanda na karanta sabo. Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara, ta tashi ta riƙe gidanta da guminta. Sau biyu hannuna ya kai ga shafukan ƙarshe ina son sanin makomar mijin, sau biyu na janye shi. Na ƙarasa har da sa roba na ɗaure shafuka goman ƙarshe, ban kwance ba sai da na iso su.

Wanda zai yi irin wannan wata, shawarata kada ya auna littafi da kaurinsa wajen zaɓen na gaba. Gajerun littattafan nan na farko su suka fi buƙatar natsuwa, domin abin da wani zai baza a shafi ashirin su a sakin layi ɗaya suke dunƙule shi. In kuma ka ji idonka ya fara gudu ya bar hankalinka a baya, rufe littafin ka tashi. Da na rufe a daren nan na kwanta, da ba abin da na rasa sai kwana ɗaya a lissafin da ba wanda ya ɗora mini shi.

Idon Matambayi na nan ban buɗe ba tukuna. Ƙanwata ta karanta shi, na kuma roƙe ta kada ta gaya mini ko kalma ɗaya.