Talata a Madina: kwafi uku da shekarar da ke cikin haruffa

Wunin yau gaba ɗaya ya tafi ne a kan tambaya guda, wato wanne daga cikin kwafi ukun da ke hannuna ya cancanci ya zama uwa, wato kwafin da za a dogara da shi a gwada sauran da shi, a aikin risalata, wato kundin binciken digirina. Tun da na kammala shekarar darussa ta digiri na biyu a sashen fiƙihu, majalisar sashe kuma ta amince da tsarin binciken da na gabatar, wanda kowa a nan ke kira khuɗɗa, aikina ya koma na tahƙiƙi: fito da tsohon littafin da aka rubuta da hannu kamar yadda mai shi ya bar shi, ba ƙari ba ragi. Littafin sharhi ne da wani malamin ƙasarmu ya yi wa Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, kuma da yake babba ne an raba shi tsakanin ɗalibai, ni rabona ya faɗo a kan babin ciniki da kuma babin da ake maganar kyauta da jingina da aro da ajiya a cikinsa.

Kwafin farko hotunansa sun zo mini daga wani gidan malamai a Sakkwato, na biyu daga wata ma'ajiyar takardun tarihi a Kaduna, na uku kuma daga Yamai. Na sa musu alamun alif da ba da jim, kamar yadda masu wannan fanni suka saba. Da hantsi na haɗu da wani yayana a karatu, mutumin Damagaram da ke digiri na uku a fannin hadisi, muka sami lungu a ɗakin karatu na jami'a muka zauna muƙabala, wato gwada kwafin da juna. Mutum ɗaya ba ya yin muƙabala yadda ya kamata, domin ido yakan ga abin da zuciya ta riga ta sa rai za ta gani. Saboda haka shi yana karanta alif da murya ƙasa-ƙasa, ni ina bin ba da jim da yatsa, duk inda aka sami saɓani, ko da na harafi ɗaya ne, sai mu dakata in rubuta.

A irin wannan zama ne nake ƙara ganin darajar makarantar allo. Kwafin nan uku duk da rubutun ƙasarmu aka yi su, wanda ya samo asali daga rubutun Magariba, inda ake ɗiga wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, a ɗiga wa ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya tashi da rubutun Gabas, idan ya ga harafi mai ɗigo ɗaya a sama, fa zai karanta. A babin ciniki kuwa wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin kalmar ƙard, wato rance, za ta koma fard, wato farilla, hukunci ya juye gaba ɗaya alhali jimlar tana nan tana karantuwa lafiya lau, babu abin da zai ankarar da mai karatu. Mu da muka wanke allo muka rubuta Alƙur'ani da ruwayar Warshu tun muna yara, idonmu ya riga ya saba, ba ma tsayawa tunani. Yawancinmu mun zo garin nan muna ganin ilimin da muka baro gida share fage ne kawai, na gaske yana gaba. Ni dai a wannan aiki abin da malamin tsangayarmu ya koya mini a gindin wuta shi ne makamin da na fi dogara da shi, kuma babu wani darasin hanyoyin bincike da zai maye gurbinsa.

Muna cikin tafiya sai yayan nawa ya ce, "Ustazu, dakata nan. Wannan hadisin ba haka lafazinsa yake a littattafan da aka buga ba, ai gara ka daidaita shi." Na duba, na ga gaskiyarsa ta fuskar lafazi, amma kwafi ukun duk sun haɗu a kan lafazi ɗaya, wanda ke nuna cewa mawallafin ne ya kawo hadisin da ma'ana, ko kuma ya ɗauko shi daga wani littafin fiƙihu da ya kawo shi haka. Na ce masa, "Malam, a gafarce ni, in na taɓa shi na sa wa marigayin magana a baki. Zan bar shi yadda yake, in kawo lafazin da ya tabbata a ƙasan shafi tare da inda yake." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce shi idon mai hadisi gare shi, ni kuwa amanar nassi aka ɗora mini, kowa da inda ya tsaya. Wannan wuri ne da ɗalibai da yawa ke zamewa, musamman yanzu da manhajoji irin su Shamila suka sa gano hadisi ya zama aikin ƙiftawar ido. Sauƙin samun lafazin da ya inganta yakan ja hannu zuwa gyara, kuma da zarar an fara gyara ba a faɗa ba, mai karatu ba zai ƙara sanin inda maganar mawallafi ta ƙare ta ɗalibi ta fara ba.

Abin da ya fi ɗaukar lokacinmu shi ne shafin ƙarshe na kwafin alif. Mai kwafin ya rufe da addu'a ga kansa da iyayensa da malamansa, sannan ya ambaci shekarar da ya gama, amma da haruffa huɗu ya rubuta ta maimakon alƙaluma: shin, ra, lam, dal. Wani da ya taɓa duba kwafin a baya ya rubuta 534 da fensir a gefe. Lissafinsa bisa tsarin abajada na Gabas ya tafi, wato lissafin da ake ba kowane harafi adadinsa, inda shin take 300, ra 200, lam 30, dal 4. Da a ce haka ne, da kwafin ya haura shekara ɗari tara, kuma da ya zama abin da za a yi ta magana a kansa. Sai dai ba zai yiwu ba, domin mawallafin yana yawan kafa hujja da Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ya rayu a ƙarni na takwas na hijira, ba kuwa yadda za a yi a kwafe littafi kafin a haifi mutumin da aka ambata a cikinsa. Malaman ƙasarmu tsarin Magariba suke bi, kuma a can shin 1000 ce, gain kuma 900, saɓanin Gabas inda gain take 1000. Da aka sake lissafi sai aka sami 1234, wadda ta yi daidai da ƙarshen 1818 zuwa 1819, wato shekara biyu bayan rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1232, a farkon zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wannan ya dace da salon rubutun, ya kuma dace da gidan da kwafin ya fito.

Bayan azahar na tafi wurin mushrif, malamin da ke kula da aikina, ina ɗauke da wannan sakamako da farin ciki. Ya saurare ni har na gama, ya ɗauki alƙalami ya sake lissafin da kansa, ya ce ya gamsu, kuma in rubuta hujjar dalla-dalla a sashen nazari, domin masu munaƙasha, wato malaman da za su jarraba ni a kan risalar, za su tambaya. Amma ya ja hankalina cewa sanin shekarar bai warware tambayar uwa ba. Ƙa'idar da malaman tahƙiƙi irin su Abdussalam Harun suka shimfiɗa ita ce a fara da kwafin da mawallafi ya rubuta da hannunsa, in babu sai wanda aka karanta masa ya amince, sai wanda aka kwafa daga nasa, sannan a zo kan tsufa. Tsohon kwafi yana iya fitowa daga hannun ɗalibi mai gaggawa, sabo kuma ya fito daga hannun masani da ya kwafa daga tushe ingantacce. Ya tambaye ni ko na lura da wuraren da kwafi biyu suka yi kuskure iri ɗaya. Na ce na lura kwafin ba da na jim sun tsallake layi guda a maganar jingina, inda kalma ɗaya ta maimaitu a ƙarshen layi biyu, idon mai kwafi ya tashi daga ta farko ya sauka a ta biyu. Ya ce to wannan ita ce hanya: mutum biyu ba kasafai suke faɗawa rami ɗaya kowa da ƙafarsa ba, don haka mai yiwuwa ba da jim daga tushe ɗaya suka fito, shaidarsu kuma ta zama shaidar mutum ɗaya. Ya umarce ni in tsara jadawalin duk wuraren da aka tsallake a kowane kwafi kafin mu yanke hukunci.

Ya kuma yi tambaya a kan takardar kanta, abin da hoto ba ya nunawa. Yawancin littattafan ƙasar Hausa na wancan zamani an rubuta su ne a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke ketowa da ita ta hamada, kuma tambarin ba ya fitowa sai an ɗaga takardar an haska ta da haske daga baya. Na bayyana masa cewa littattafanmu ba a ɗinke su, warƙa-warƙa suke a cikin tadarishi, a sa a gafaka, kuma abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalmar da mai kwafi ke rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce za ta buɗe shafi na gaba. Ya ce wannan ya bambanta da abin da ya saba gani a tarin littattafan hannu na Arif Hikmat na nan Madina, wanda aka kafa a 1270, inda littattafai suke ɗinke cikin bangon fata, kuma lallai in bi waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya in tabbatar babu warƙar da ta ɓace ko ta sauya wuri.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta bayanan gefe. Kwafin alif cike yake da ƙananan rubuce-rubuce tsakanin layuka, wasu da Larabci, wasu da ajamin Hausa, inda wani ɗalibi ko malami ya riƙa fassara kalmomi masu wuya yayin da ake ba shi karatu, har a wani wuri ya buga misalin farashi da kuɗin wuri. Mushrif ya ce waɗannan ba sa cikin nassi, kuma gaskiya ya faɗa. Amma na roƙe shi kada a watsar da su, domin su ne shaidar cewa an zauna a zaure an karantar da littafin nan baki da baki, kuma su ne ke nuna yadda malamanmu suka sauko da fiƙihun Malikiyya zuwa kasuwar da mutanensu ke ciniki a cikinta. Ya amince in tattara su a rataye a ƙarshen risala tare da fassararsu zuwa Larabci, da sharaɗin in bambanta hannun mai kwafi da hannun masu ƙari. Aiki ne da zai ƙara mini nauyi, na kuwa karɓe shi da hannu biyu. Garin da ya ga irin su Shehu Hammad Al'ansari, ɗan asalin Mali wanda ya shahara da sanin littattafan hannu, ya rasu a 1418, da Shehu Umar Fallata da ya daɗe yana karantarwa a Masallacin Annabi, bai kamata a ce rubutun mutanen Afirka ta Yamma baƙo ne a cikinsa ba.

Bayan magariba na biya ta gidan wani dattijo Bahaushe haifaffen garin nan, wanda mahaifinsa ya zo aikin hajji a ƙafa ta Chadi da Sudan, ya ketare teku, bai koma ba. Na nuna masa hoton wani bayanin ajami da tawadarsa ta dushe, wanda na karanta shi keso. Ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Haka ne, ɗana, keso ne, wuri zambar ashirin. Mahaifina yakan ambace shi in yana ba mu labarin kasuwar Kurmi." Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata." Daga nan ya gaya mini cewa akwai gafakar mahaifin nasa a ajiye, da takardu a ciki waɗanda 'ya'yansa ba sa iya karanta rubutunsu, ya ce in zo ranar Juma'a bayan la'asar mu buɗe tare.

Da na dawo masauki bayan isha'i na aika wa ɗan gidan malaman na Sakkwato saƙo, na roƙe shi ya ɗaga warƙar farko da ta ƙarshe ya haska su da fitila ya ɗauko mini hoton tambarin, ya kuma auna tsawon takardar da faɗinta da ma'auni. Na buɗe jadawalin da mushrif ya nema, na shigar da tsallaken maganar jingina a layin farko. Gobe in Allah ya kai mu za mu ci gaba da muƙabala daga maganar aro, kuma yayana ya ce zai zo da wuri domin yana da zama da nasa mushrif ɗin kafin azahar.