Yadda Nake Kwatanta Girman Gida da Farashinsa Tsakanin Ƙasashe

Idan aka kawo mini tallan gida daga wata ƙasa domin a gwada shi da na Kano ko Kaduna, ba yawan ɗakuna nake fara dubawa ba, awo nake nema. Komai sai na mayar da shi murabba'in mita. Wanda aka rubuta da ƙafa, kamar na Amurka, nakan raba adadin da 10.76. Da wannan lissafi, fulotinmu mai ƙafa 50 da 100 ya kama mita 465, mai 100 da 100 kuma 929. A Maraɗi da Yamai da mita ake yanka fili tun farko, saboda haka babu wahala.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne abin da aka auna. Dillalinmu faɗin fili yake faɗa, har da tsakar gida da wurin ajiye mota. Tallan Ingila kuwa cikin gini kawai yake nufi, kuma wanda ya sayi gida a benen da filinsa na haya ne ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa. Shi ya sa nake ware kuɗin fili daban, na gini daban, sannan in raba farashi da mitar da ake zama a ciki. Faransa ta fi tsanani: dokar Carrez ta 1996 ta hana a ƙirga duk wurin da tsayinsa daga daɓe zuwa rufi bai kai mita 1.80 ba a gidajen bene na haɗaka. Gidan da suke kira T3 a talla ma ba ɗakin kwana uku ba ne, biyu ne da falo.

Yawan ɗaki yaudara ne. Ƙa'idar da Ingila ta fitar a 2015 ta yarda ɗakin mutum ɗaya ya zama mita 7.5, na mutum biyu 11.5. Ɗakinmu na ƙafa 12 da 12 ya kai 13.4. Don haka mai iyali da ya ga "ɗaki uku" a Landan ya ɗauka irin na gida ne, zai tarar gado da kabad sun cinye wurin. Sabon gida a Amurka kuwa yawanci yana kai wajen mita 200, sai dai akwai harajin gida duk shekara, wanda ba ya cikin farashin talla.

Wajen canji, sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya, don haka farashin Nijar bai cika ruɗarwa ba. Naira tun Yunin 2023 da aka sake ta, dole in rubuta ranar canjin kusa da kowane adadi, in ba haka ba kwatancen ya lalace cikin 'yan watanni.

Sai takardu, kuma nan na fi jan kunnen mai saye. Takardar mallakar gwamna a Najeriya yawanci shekara 99 ce, bisa dokar filaye ta 1978. A Gana, baƙo ba ya samun fiye da shekara 50 a lokaci guda. A Ingila, gidan da wa'adin hayar filinsa ya gaza shekara 80 yakan faɗi a farashi, bankuna kuma suna ɗari-ɗari da ba da rance a kansa. Tsohon gida a Faransa, a ƙara kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na haraji da rajista kafin a ce ya yi araha.