Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Muka Rufe Juji

Makon jiya na yi alkawarin kawo muku labarin zamana a Ngaundere da yadda na koyi tuƙin katafila. Ku yi mini uzuri, sai wani makon. Ranar Juma'a da muka sauko daga masallaci wani yaro ya tare ni ya ce, "Baba, bangon ɗakin Innata ya sake tsagewa, ta ce ka zo ka gani." Na je na gani. Tsaguwar ta ci hannuna har wuyan hannu. A kan tsohon juji aka gina ɗakin. Tun ranar maganar juji ta hana ni sakat, gara in fitar da ita tun da sauran ƙarfina.

Yaran Garwa ta Kamaru na yanzu tudu suke gani a wurin, ciyawa a gefe ɗaya, gidaje a ɗaya gefen. Mu rami muka sani. Nan aka ɗebi marmara lokacin aikin hanya, aka tafi aka bar wawakeken kududdufi, gonar Baffa mahaifina kuma tana bakinsa ta gabas. Da damina mu yi iyo a ciki, mu dawo gida mu sha bulala. Ranar da tifar farko ta juye shara a ramin, Baffa yana tsaye da fartanya a kafaɗa. Direban ya leƙo ya ce, "Tsoho, ai taimakonku muka yi, ƙasa za ta cinye, ramin ya cike." Baffa ya dube shi ya ce, "Ƙasa ba ta ci, ajiya take yi." Ya juya ya ci gaba da nomansa.

An yi masa dariya, kuma a lokacin masu dariyar suna da hujja. Sharar wancan zamani me ce? Toka, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, ganyen ƙunshin goro, fasassun tukwane. Manoma da kansu suke zuwa da jakuna su tankaɗe tsohuwar shara su kai gona taki, Baffa ma ya ɗiba. Daga baya leda ta shigo, da batir ɗin tocila, da gwangwanin maganin feshi, da allurai da audugar da ba ka son sanin inda ta fito. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikata, a watan Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Kowa ya shiga neman abin sawa a bakin salati, babu mai tambayar abin da ake zubawa a bayan gari. Ramin ya cika, ya tashi ya zama tudu, har ya fi bishiyar tsamiyar Baffa tsayi. Allah bai nuna masa haka ba, ya rasu tun ramin yana rabi.

Ni aka ba katafilar wurin, na daɗe ina turawa ina dannewa. Abin da ba zan manta ba shi ne wutar ƙarƙashin ƙasa. Da bazara, watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, sai hayaƙi ya riƙa fitowa ta tsagogi ba ka ganin harshen wuta. Ka zuba ruwa, gobe ya ɓullo a wani gefen. Takalmin roba narkewa yake yi idan ka daɗe a tsaye. Tarin da nake fama da shi yau can na samo shi. Shanu kuwa, mahauta su ne shaidu, sun sha farke tumbi su tarar da dunƙulen leda. Har aka zo 2014 aka fara aiki da dokar hana leda marar kauri, wadda kaurinta bai wuce maikiron 60 ba. Na ji daɗin dokar, amma wadda muka riga muka binne tana nan yadda muka sa ta. Ko bara da zaizaya ta buɗe wani gefe na ga ledar omo da rubutunta raɗau.

Da gari ya matso kusa, ƙorafi ya yi yawa, aka ce a rufe wurin a koma wani fili mai nisa. Ni a nawa tunanin rufewa ita ce a tare hanya, a watsa ƙasa a kai, kowa ya kama gabansa. Sai aka turo mana wani injiniya, yaro ne ɗan Marwa, bai kai ɗana na fari ba. Kullum da takardar dokar muhalli ta 1996 a jakarsa. Ya zaunar da mu a inuwar katafila ya ce, "Baba, ka fi ni sanin wurin nan, amma bari in gaya maka abin da ke cikinsa." Ya ce sharar da iska ba ta kai mata tana ruɓewa a hankali tana fitar da gas, kusan rabinsa metan ne, shi metan ɗin ba shi da launi ba shi da wari, kuma yana kama wuta. Idan ya taru a rufaffen ɗaki ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗakin, ƙyasta ashana ɗaya ta isa. Ya ce ruwan sama idan ya ratsa shara sai ya kwashi dattinta da gubar batir ya gangara ƙasa baƙi wuluk, ya nemi hanyar rijiyoyi. Ya ce tudun zai yi ta zama shekara da shekaru, kuma ba daidai zai sauka ba, nan ya nutse can ya tsaya. Sannan ya ce a Amurka doka ta ɗora wa mai juji kula da shi shekara 30 bayan an rufe. Na ce, "Ɗana, talatin?" Ya ce, "Talatin, Baba." Na tuna Baffa. Abin da yaron nan ya je makaranta ya karanto, tsoho ya faɗe shi da fartanya a kafaɗa.

Aikin da muka yi a wannan rani shi ne aikin da na fi alfahari da shi a rayuwata, ya fi mini duk hanyoyin da na share. Da farko muka kashe wutar, ba da ruwa ba, da ƙasa: a tono inda take ci, a baza, a danne da jar ƙasa har ta shaƙe. Sannan na gyara gangaren. Injiniya ya kafa sanduna da igiya, duk taku uku a kwance taku ɗaya a tsaye, kada ya fi haka tsini. Saman tudun kuma aka ba shi ɗan doro don kada ruwa ya kwanta. Sai laka. Daga karal muka ɗebo ta, baƙar lakar da ake dasa masakwa a cikinta. Kowace tifa ta zo, yaron nan sai ya ɗebi dunƙule ya jiƙa ya murza tsakanin tafin hannunsa. Idan ta yi tsawo ba ta karye ba, a juye. Idan ta rududduge, yashi ya yi yawa, a mayar. Direbobi sun yi ta ƙunƙuni, bai taɓa sassautawa ba. Ba a zuba ta gaba ɗaya. A shimfiɗa kamar tsawon tafin hannu, a yayyafa ruwa, in bi ta kai da katafila in dawo, in sake bi, sannan a ƙara wani shimfiɗin, har ta kai wajen santimita 60. Daɓe ne sosai, irin wanda su Inna suke yi wa tsakar ɗaki, sai dai nawa maɗaɓin ƙarfe ne. Lakar karal tana da hali ɗaya, idan ta bushe tsagewa take yi, don haka ba a barinta a rana. A ranar ake lulluɓe ta da ƙasar noma.

Don gas ya samu hanyar fita, muka samo tsofaffin durom, aka cire kai da gindi, aka huhhuda jikinsu, aka jera su a tsaye cikin sharar, aka cika da duwatsu, aka sa bututu a tsakiya. Wata rana da yamma injiniya ya ce kowa ya ja baya, ya miƙa wuta a kan doguwar sanda zuwa bakin bututu ɗaya. Sai ga harshen wuta shuɗi yana rawa, babu itace babu kananzir. Leburorin da suke yi masa kallon mai yawan Turanci, daga ranar suka daina. Muka haƙa lambatu kewaye da tudun, da wani tafki a gangare inda baƙin ruwan zai taru rana ta shanye shi, da 'yan rijiyoyi ƙanana na ɗiban ruwan gwaji.

Na so a dasa darbejiya a sama. Ya ce a'a, saiwarta za ta huda lakar ruwa ya samu ƙofa, a dasa ta a kewaye. A kan gangaren muka dasa jema layi-layi, ita ce take riƙe ƙasa idan ruwa ya kwararo. Jemar nan daga bakin Binuwai na ɗebo ta da kaina.

Gefen gabas muka gama, na wajen gonar Baffa. Kafin mu taɓa na yamma aka ce kuɗi sun ƙare. Ba zan kama sunan kowa ba, waɗanda suka sa hannu sun san kansu. Aka mayar da injiniya wani gari, aka watsa wa yamma 'yar ƙasa da ba ta kai taƙi ɗaya ba, aka zo aka ɗauki hoto. Wayar shingen ba ta yi damina biyu ba aka kwashe ta.

A nan ne Ɗan Goggo, ɗan'uwana da muka tashi tare, ya shigo. Kun san shi, kun san bakinsa. Ya haɗa kai da wasu suka fara yanka filaye a gefen yamma, suna sayar wa mutanen da suka gaji da kuɗin haya, da araha. Na je gidansa da dare, don kada a ce na tona masa asiri a bainar jama'a. Na ce, "Yaya, wurin nan ba a gini a kansa, shara ce a ƙasa, ni na danne ta da hannuna." Ya ce, "Ai an rufe." Da aka kai magana zauren jauro, wato mai unguwa, gaban dattawan unguwa, ya tashi ya ce hassada ce take cina, don gonar ubana ce ba ta shiga cikin cinikin ba. Ya ce direban katafila ya zama injiniya. Mahassadi. Ni da na yi shekaru ina shaƙar hayaƙin wurin, ni da Goggo ta goya tare da shi. Na maimaita musu maganar Baffa, wani dattijo ya ce Allah ya jiƙan Baffa, amma zamani ya canza. Aka shafa fatiha aka tashi. Na yafe abubuwa da yawa a duniya, wannan kalma har yau tana tsaye a ƙirjina.

Sai daminar 2012, shekarar da ruwa ya yi yawa aka saki na madatsar Lagdo, Binuwai ta cika ta tumbatsa ta shiga gidaje da gonaki. Ambaliyar ba ta hau tudun ba, amma ruwan saman ya gwada aikin kowa. Gabas ko gezau, jema ta kwanta ta tashi. Yamma kuwa ruwa ya yanka kwazazzabai, shara ta fito fili. Wani bawan Allah da ya gina gida ya haƙa rijiya a tsakar gidansa ya kira ni. Ya jefa guga ya jawo, ruwan baƙi-baƙi, yana kumfa, warinsa yana hawa kai. Matarsa tana tsaye da goyo tana kallon gugan. Ban ce masa na faɗa ba, ba ranar faɗin haka ba ce. Na ce kada su sha, kada su yi alwala da shi, kada a ba dabba. Ranar na yi kuka a hanyar gida, don kuɗin da ya tara na shekaru ne ya zuba a wurin.

A watan Maris na 2017 na ji a rediyo jujin Koshe a Addis Ababa ya zaftare a kan masu zama a gindinsa, mutum fiye da 100 suka rasu. Na kwana ina lissafa gidajen yamma. Namu tudun bai kai nasu ba ko kusa, amma gangaren yamma ba a taɓa kwantar da shi ba, yana nan da tsininsa. Kuma ba wai ƙasar nan ba a san aikin ba. A Nkolfoulou, jujin Yawunde, an sa bututai ana tara gas ana ƙona shi. Abin da aka iya a kudu, me zai hana a yi mana ko rabinsa?

Na yi ritaya, babu mai biyana, amma duk ƙarshen rani nakan zagaya gabas da shebur. Inda ƙasa ta nutse ta yi kwari in cike, don idan ruwa ya kwanta a nan to ya samu hanya. Ramin gafiya in toshe. Ƙananan bishiyoyin da tsuntsaye suka shuka in tumɓuke tun saiwa ba ta kai laka ba. Lambatu in yashe kafin ruwan farko. Mata masu yankan jema na bar su su yanki ganye, amma na hana su tonon saiwa, balle a jefa ta a randa don ƙamshi. Masu son shuka kuɓewa da yakuwa a sama mun sha rigima da su. Bututu biyu har yanzu idan ka kara hannu za ka ji ɗumi yana fitowa. Rijiyoyin gwajin suna nan, na rufe su da siminti da kuɗina don kada yara su cika su da duwatsu, amma rabon da wani ya zo ya ɗebi ruwansu tun tafiyar yaron Marwa.

Abin da nake nema ba shi da yawa, kuma na rubuta na kai inda ya kamata. A sa wa wurin mai gadi da albashi, saurayi mai ƙarfi, in koya masa tun ina iya hawa tudun. A rubuta a takardar filaye cewa juji ne a ƙasa, don wanda zai saya nan da shekara ashirin ya sani. A jawo wa mutanen yamma ruwan famfo daga nesa su bar rijiyoyin. Waɗanda suke ciki kuma su huda tagogi sama da ƙasa, kada a kwana da gawayi ko risho a rufaffen ɗaki.

Ɗan Goggo ya tsufa, ido ya yi rauni. Muna gaisawa a wurin suna da jana'iza, 'ya'yansa suna zuwa gidana ina sa musu albarka. Bai taɓa ce mini ka yi gaskiya ba. Da Sallar da ta wuce ya aiko mini da cinyar rago, uwargida ta ce to ai ban-haƙuri ke nan, in karɓa. Na karɓi naman, amma na aika masa cewa a zauren jauro ya faɗa, gaban mutane, can nake jiransa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai Ngaundere.