Tambayoyi Uku na Zengzi Kafin Barci

Zengzi yana cikin ƙananan almajiran Confucius, malamin nan na masarautar Lu da ke lardin Shandong na ƙasar Sin a yau, wanda ya rayu daga shekara ta 551 zuwa ta 479 kafin Miladiyya. An ruwaito cewa kullum Zengzi yakan tuhumi kansa a kan abubuwa uku: ko ya yi wa mutane aikinsu da zuciya ɗaya, ko ya riƙe gaskiya tsakaninsa da abokansa, ko kuma ya yi bitar abin da aka koya masa. Ni malamin firamare ne, kuma tun da na ci karo da wannan magana na mayar da ita al'adata, inda bayan sallar isha'i nake rubuta amsoshin a ƙaramin littafi. Ban ji baƙuntar abin ba, domin mu ma an hore mu da mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana.

Tambaya ta farko ba ta cika wahalar da ni ba, tunda aikin aji a fili yake. Ta biyun ce ta zame mini mai nauyi, musamman bayan na karanta wani labari da Sinawa ke bayarwa game da shi Zengzi ɗin. Matarsa za ta tafi kasuwa, ɗansu ya bi ta yana kuka, sai ta lallashe shi da cewa idan ta dawo za a yanka masa alade. Da ta dawo ta tarar mijin yana shirin yankan, ta ce ai wasa take yi da yaron. Ya amsa mata cewa yaro daga iyayensa yake koyon komai, kuma idan uwa ta yaudari ɗanta, to ta koya masa yaudara, ba zai ƙara yarda da ita ba. Ya yanka dabbar, ya dafa.

Wannan labari ya sa na faɗaɗa tambayar har ta haɗa da ɗalibaina da 'ya'yana, domin alkawarin da babba ke yi wa yaro don ya yi shiru shi ne wanda aka fi karyawa, kuma ba wanda zai bi bahasi. Sakamakon ya zo ta inda ban zata ba: yawan alkawuran da nake ɗauka ne ya ragu ƙwarai, saboda na san da dare sai na rubuta matsayin kowanne. Idan na ce wa aji zan duba littattafansu ranar Alhamis, to Alhamis ɗin ce. Idan kuwa ba ni da tabbas, nakan gaya musu haka.

Na kuma fahimci cewa rubutawa ta fi tunani kawai, domin zuciya tana saurin yi wa mai ita uzuri. Zeng Guofan, babban jami'in daular Qing ta ƙasar Sin da ya rasu a 1872, ya shafe shekaru yana rubuta irin wannan hisabi a kundinsa. Tambaya ta uku ita ce har yanzu nake fama da ita, don haka na keɓe safiyar Asabar ina bitar darasin da zan koyar a mako mai zuwa kafin in shiga aji.