Ƙarin tantanin ciki mai tafiyar hawainiya, da iyakar abin da ruwa ke nunawa

Yawancin kwalaben ruwan ciki da ake kawo mana ɗakin bincike labarinsu sananne ne: ko hanta ta lalace saboda ciwon hanta nau'in B, ko tibi ya kama tantanin ciki (siririyar fatar da ta lulluɓe hanji da bangon ciki), ko zuciya ta gaza, ko kuma dajin ƙwan mace ya bazu. Mukan sa ruwan a na'ura ta juya shi har ƙwayoyin halittar da ke cikinsa su kwanta a ƙasa, mu shafa a gilashi, mu rina da rinin Papanikolau, sannan mu duba a madubin likita. Amma jifa-jifa akan samu gilashin da ke hana ni tashi daga kujera, kuma a kan irinsa nake son yin magana.

Wata mata ce da ba ta kai shekara arba'in ba, cikinta ya ɗan tara ruwa, hantarta lafiya lau, ba zazzaɓi, ba rama. Da na duba, sai ga ƙwayoyi sun taru dunƙule-dunƙule, kowane dunƙule da ɗan sanda a tsakiya, ƙwayoyin sun jeru a jikinsa layi ɗaya tak kamar tsaba a zangarniyar gero. Girmansu kusan ɗaya, cibiyar kowace ƙwaya zagayayya ce mai santsi, ban ga wadda take tsakiyar rabuwa ba. A wasu wuraren akwai 'yar siririyar tazara tsakanin ƙwaya da ƙwaya, alamar da muke gane ƙwayoyin tantani da ita. Yawansu da tsarinsu sun wuce na lafiya, amma fuskarsu ba ta mugun daji ba ce.

Wannan siffa ita ke sa mu tuna da wani ƙari da ba a cika gani ba, wanda aka daɗe ana kira mesoteliyoma mai 'yan rassa. Ya fi fitowa a tantanin ciki, ya fi samun mata masu shekarun haihuwa, kuma sau da yawa likitan tiyata ne ke cin karo da shi alhali wani aikin ya shiga yi. Girmansa a hankali ne ƙwarai, mutane da dama suna shekaru masu yawa lafiya bayan an cire shi. Shi ya sa a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire masa sunan mesoteliyoma a kundinta na ƙarin ƙirji, don kada a riƙa haɗa shi da ɗan uwansa mai kisa, wato mugun mesoteliyoma. Shi wancan mai kisan tun 1960 likita Wagner da abokan aikinsa suka danganta shi da ƙurar asbesto a Afirka ta Kudu, yana kuma ɗaukar shekaru gommai kafin ya bayyana. Amma wannan mai laushin, musamman na ciki, ba a tabbatar masa da irin wannan alaƙa ba. Na faɗi haka ne domin rufi da silin na asbesto sun cika tsofaffin gidajenmu, kuma da zarar dangi sun ji sunan sai hankali ya tashi.

Matsalar ita ce abubuwa uku na iya yin shigar wannan ƙari a cikin ruwa. Tantanin da ciwon hanta ko kumburi ya dama yakan zubar da ƙwayoyi masu kama da shi. Ƙarin ƙwan mace ma yana yin rassa. Sai na ukun, wanda ya fi tayar min da hankali: mugun mesoteliyoma da kansa yakan zubar da ƙwayoyi masu fuskar salihai, ga shi kuwa a ƙasa yana cin nama.

Don haka mukan dunƙule ragowar ƙwayoyin a cikin kaki, mu yanka sirara, mu yi rini na musamman. Rinin kalretinin da na D2-40, idan sun kama, suna nuna cewa ƙwayoyin na tantani ne. Ber-EP4 da kulodin-4 suna karkata zuwa dajin da ya taso daga wata gaɓa. Akwai tarko a nan: PAX8, wanda mutane suka saba ɗauka shaidar ƙwan mace, yakan kama a wannan ƙari shi ma, kuma wanda ya dogara da shi kaɗai zai iya sa a cire wa matashiya ƙwai da mahaifa ba gaira ba dalili. Sai BAP1 da MTAP, sinadaran da ke cikin lafiyayyun ƙwayoyi: idan sun ɓace daga ƙwayoyin tantani, zancen ya koma na mugun daji. Idan suna nan kuwa, ba su wanke kowa ba, don akwai mugun da bai rasa su ba. Waɗannan rinin suna da tsada, ba ko'ina ake samunsu ba, wani lokaci sai an aika samfurin wani gari, kuma mara lafiya ne ke biya.

Ko da an yi su duka, akwai abin da ruwa ba zai taɓa nuna min ba. Bambancin ƙarin nan da mugun shi ne ko ƙwayoyin sun kutsa cikin naman da ke ƙarƙashin tantani, su kuwa ƙwayoyin da ke yawo a ruwa sun riga sun rabu da wannan naman. Na san likitan da ya aiko yana son amsa ɗaya, na san maigidan matar yana tsaye a baranda yana jira. Duk da haka ba na yarda in sa hannu a kan "daji" ko "ba komai" daga irin wannan gilashi, domin na farko zai kai ta ga allurar daji da ba ta buƙata, na biyu zai sallame ta gida da cutar da ba ta jira.

Abin da na rubuta shi ne: ƙwayoyin tantani masu rassa, ba alamar muni a fuskarsu, ana buƙatar leƙa cikin da kyamara a yanko nama daga wurare da dama, har da kitsen da ke ƙasa. Na kuma kira likitan ta waya na ce, "Ranka ya daɗe, a duba hoton cikin da kyau; idan tantanin ya yi kauri ko ƙarin ya mamaye ko'ina, a gaya min kafin in duba naman." Naman ya dawo ba kutse, aka cire 'yan ƙullutun da aka gani, aka sa ta a jerin masu dawowa asibiti lokaci-lokaci, saboda a wasu mutane ƙalilan yakan sake fitowa.