Saƙon Godiya Bayan Jinyar Yaya a Indiya da Ziyararmu Birnin Jaisalmer

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya kai mu ƙasar Indiya lafiya, Ya sa aka dace a aikin idon da aka yi wa Yaya Alhaji, Ya kuma dawo da mu Kano muka tarar da iyali cikin ƙoshin lafiya. Tun da muka sauka 'yan uwa da abokan arziki ke ta tururuwa zuwa gida domin yi mana sannu da zuwa, kuma da yake ba zai yiwu in bi kowa gida gida ba, na ga ya dace in isar da godiyarmu ta wannan hanya.

Muna godiya ga 'yan uwa na jini, da abokan kasuwancin Yaya na Kantin Kwari waɗanda suka haɗa gudummawa ba tare da an roƙe su ba, da jama'ar masallacin unguwarmu da ba su gaji da yi mana addu'a ba. Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Godiya ta musamman kuwa ta wani ɗanmu ce, ɗalibi ɗan Kano da ke karatu a can, wanda ba mu haɗa dangi da shi ba. Bayan an yi aikin a Delhi, likita ya ce sai mun jira ya sake duba idon kafin mu taso, sai zaman masauki ya fara gundurar Yaya. Wannan yaro ne ya ce masa: "Baba Alhaji, tunda Allah Ya dawo maka da gani, bari in kai ka ka ga abin da ya cancanci kallo." Shi ya nemi izinin likita, ya yankar mana tikitin jirgin ƙasa, ya raka mu har Jaisalmer da ke jihar Rajastan, cikin hamadar Thar kusa da iyakar Pakistan, yana yi mana tafinta a duk inda muka tsaya.

Birnin yana bisa wani tsauni da ake kira Trikuta, ana hango shi tun daga nesa kamar yadda ake hango Dala, kuma wani sarki mai suna Rawal Jaisal ne ya kafa shi a shekarar 1156. An gina ganuwarsa da dutse mai launin ruwan ɗorawa, tana da hasumiyoyin tsaro 99, kuma idan rana ta yi gora ta haske ta sai ta koma ruwan zinariya, abin da ya sa mutanen wurin ke kiranta ganuwar zinariya. A gindinta Yaya ya tsaya yana nuna hasumiyoyin da yatsa yana ƙirgawa, mutumin da a watannin baya sai an riƙe masa hannu yake tsallaka titi. Ban iya ɓoye hawayena ba a wannan lokaci.

Muna kuma godiya ga ɗan jagorar da ya zagaya da mu, mutumin da a cikin ganuwar aka haife shi. Ya lura da halin Yaya, ya samo mana adaidaita sahu da ta haura da mu ta ƙofofin nan huɗu da ke jere a kan hanya mai lanƙwasa har zuwa filin fada, sannan ya riƙa tafiya a hankali yana zaɓar lungunan da ke da inuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne birnin ba kango ba ne: dubban mutane na zaune a ciki har yau, mata na shanya a kan soraye, yara na dawowa daga makaranta, masu shaguna na ciniki a jikin bangon da ya haura shekara 800. Ya nuna mana wuraren ibadar mabiya addinin Jain, da gidajen attajiran Patwa da ke wajen ganuwa, waɗanda aka sassaƙa tagoginsu na dutse da ƙananan huji domin iska ta shiga rana kuma ba ta shiga ba, da tafkin Gadisar da aka tanada domin tara ruwan sama.

Da ya ba mu labarin cewa arzikin garin daga harajin ayarin raƙuma ya samo asali, kuma ya ja baya ne bayan kasuwanci ya koma tashar jiragen ruwa ta Bambai, daga baya kuma aka raba Indiya da Pakistan a 1947 hanyar fatake ta toshe, sai Yaya ya ba shi labarin Kasuwar Kurmi da fataken Agadas da Gadamas, da yadda isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sauya akalar fatauci. Ɗan jagorar bai ɓoye mana damuwar mutanen birnin ba. An gina birnin ne a zamanin da ake kaffa-kaffa da kowane tulun ruwa, yanzu kuwa ruwan famfo da na masaukan baƙi yana tsattsafowa cikin tsaunin yana raunana harsashin ginin, har wasu sassa sun rufta, duk da cewa Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Jin haka ya tuna mini da badalarmu, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa a kusan zamanin da aka kafa Jaisalmer, kuma raina ya sosu ƙwarai da na tuna yadda ake yankar ta ana kafa gine-gine muna kallo.

Ba zan manta da wani dattijo mai sayar da yadi ba. Iska ta taso da ƙura muna tsakiyar kasuwa, kuma likita ya gargaɗe mu cewa ƙura ce babbar abokiyar gabar idon, shi ya sa ma ba mu je tuddan rairayi na ƙauyen Sam da ke wajen gari ba. Dattijon ya jawo Yaya cikin shagonsa, ya saki labule, ya kawo ruwa mai tsabta na wanke hannu na ɗiga masa maganinsa, ya kawo mana shayi, ya kuma shimfiɗa mana sabon yadi muka yi sallar La'asar a kai, alhali shi ba Musulmi ba ne. Ya ƙi karɓar ko rupi ɗaya. Muna roƙon Allah Ya saka masa, Ya shirye shi da iyalinsa.

A ƙarshe muna godiya ga Hajiya Inna da matanmu da suka riƙe gida da haƙuri, da ƙannenmu da suka kula da shago har muka dawo. Waɗanda suka kira waya ba su same mu ba, da waɗanda suka zo suka tarar Yaya na hutawa, muna neman afuwarku. Likita ya tabbatar da cewa idon ya warke sarai, kuma Yaya zai koma kasuwa nan ba da jimawa ba in Allah Ya yarda. Allah Ya bar zumunci, Ya ba sauran marasa lafiya sauƙi, amin.